Rotabeta a bayan ƙaramar taraktata: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 8 ga Maris 2025

Toh jama'a, yau na fara shirin sayen rotabeta gadan-gadan, wato na'urar nan mai wuƙaƙe masu juyawa da ake maƙalawa a bayan tarakta tana niƙa ƙasa. Haro ɗin da nake ja yana fasa ƙasa kam, amma sai ya bar min gunduma-gunduman da sai an bi su da fartanya kafin a iya zuba ƙananan iri, kuma aikin nan yana cin lokaci da ƙarfin mutane ba kaɗan ba. Kafin in taka wajen kowane dila sai da na ɗauko tef da littafin taraktar na zauna na fitar da awonta tukuna, dan ita tarakta ita ce za ta faɗa maka irin rotabetar da za ka saya.

Injin taraktata ƙarfin doki 30 ne, amma abinda ke isowa shaf ɗin baya, wato PTO, doki 24 ne a littafi, kuma da wannan 24 ɗin ake lissafi tunda shi ke juya wuƙaƙen. Mutane da yawa lambar da ke jikin bonet suke kallo su je su ɗauko abinda ya fi ƙarfin injinsu. PTO ɗina irin na gama-gari ne, juyi 540 a minti, haƙora 6, kaurinsa inci 1 da 3/8. Maƙalar baya mai hannu uku kuma rukuni na 1 ce, fin ɗin hannayen ƙasa milimita 22, na sama milimita 19. Tsarin nan Harry Ferguson ne ya yi masa rajista a Birtaniya tun 1926 kuma har yau shi ake bi, shi yasa kayan wannan kamfani ke shiga taraktar wancan in dai rukunin ɗaya ne.

Sai faɗi. Daga gefen wajen tayar baya ta dama zuwa na hagu na samu santimita 142. Dole rotabetar ta rufe sawun tayoyin nan biyu, in ba haka ba kana tafe kana barin layi biyu na tattakakkiyar ƙasa a bayanka. Kenan mai santimita 150 nake nema, ƙafa 5. Mai 120 ta yi kaɗan sai dai irin wadda ake zamar da ita gefe ta rufe sawu ɗaya, mai 180 kuwa doki 24 ba zai ja ta da daɗi ba a ƙasa mai nauyi.

Laraba, 12 ga Maris

An kira ni wai akwai rotabeta ta hannu a ajiye, na je da bakanikena. Daga nesa fenti ras, amma da ya durƙusa ya kama sandar wuƙaƙen ya girgiza sai muka ji tana ƙwas-ƙwas, boris ɗin gefe ya tafi. Ya buɗe murfin giyabos ya tsoma sukudireba, man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga kenan ya kuma daɗe a ciki. Wuƙaƙen sun cinye har lanƙwasar bakinsu ta kusa ɓacewa, ga walda a kunnen da hannun sama ke kamawa. Ya ɗago ya ce min Alhaji in ka lissafa sabbin wuƙaƙe da boris da sil, ka kuma ƙara da abinda ba mu gani ba a cikin giya, ka kusa kuɗin sabuwa. Mun yi wa mai ita godiya mun tafi.

Ba wai ta hannu bata da kyau bane, in ka samu wadda aka riƙe da mutunci ka caɓa. Amma ka duba abubuwan nan da hannunka, kuma ka tabbata ana samun wuƙaƙenta a kasuwa, dan ramukan noti na wannan kamfani ba lallai su yi daidai da na wancan ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na biya kuɗin sabuwa yau. Bari in faɗi abubuwan da na zaɓa da dalili, ko wani zai amfana.

Wajen abinda ke juya sandar wuƙaƙen, akwai mai sarƙa a gefe akwai mai giya. Mai sarƙa ta fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, in sarƙar ta saki ka ɗaure, in ta tsinke ka sa wata. Mai giya ta fi nauyi kuma nauyin nan yana taimaka mata ta nutse a ƙasa mai tauri, bata buƙatar ɗauri, sai dai ranar da giya ta karye za ka ji a aljihu. Na ɗauki mai giya saboda ƙasata tana da laka, kuma nauyinta kilo 270 a takarda, haidirolik ɗina na ɗaga fiye da ninkin haka.

Juyi kuma, wasu wuƙaƙensu na juyawa yadda tayoyi ke juyawa, wasu akasin haka. Mai juyin baya tana niƙa ƙasa da kyau tana binne ciyawa, amma tana cin ƙarfin inji, kuma in ta haɗu da dutse sai ta ɗago shi ta cusa tsakanin wuƙa da murfi. Mai juyin gaba hawa kan dutsen take ta wuce. Gonata bata rasa duwatsu da kututture, dan haka mai juyin gaba. Wuƙaƙen masu siffar L ne, 6 a kowane faifai, 3 na kallon dama 3 na kallon hagu.

Inda muka ja da dila shine maganar kariyar shaf ɗin da ke haɗa PTO na tarakta da rotabeta. Ya so ya bani mai notin tsinkewa, wato noti ɗaya mai laushi da ake sawa ya karye in wuƙa ta daki wani abu, ya ceci giyar tarakta. Yana aiki, amma a gona mai duwatsu wuni za ka yi kana sauka kana canza noti, kuma daga nan ne mutum ke gajiya ya sa noti mai ƙarfi ko guntun rodi, shikenan kariya ta tafi, abinda zai karye gaba yana cikin tarakta. Na ce a'a, a bani mai kulocin zamewa, wanda faifansa ke zamewa in wuƙa ta daki abu maimakon wani abu ya karye, ko da ƙarin kuɗi. Ya yarda zai canza.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta iso. Murfin baya a kwance daban, takalman gefe da ake saita zurfi da su daban, shaf a ɗaure a jiki. Na buɗe giyabos ɗin sama, wayam, ko ɗigon mai babu, na gefe ma haka. Yawancinsu haka ake turo su dan kar ya zube a hanya, akwai ma takarda ja a rataye tana gargaɗi. Wanda ya ɗaura ya kunna a haka cikin 'yan mintoci ya ƙone giyarsa. Na zuba man giya 80W-90 har ya fara leƙowa ta ramin awo na gefe, na mayar da murfin mai numfashi a sama, na bi duk kan giris na buga. Sannan na bi notin wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da sifana, na samu wasu a sake tun daga kamfani. Duhu ya yi, ɗauri sai jibi.

Asabar, 29 ga Maris

Yau ce ranar babban aikin, kuma zan ɗan tsawaita a nan dan a wajen nan ne ake asarar da ta fi kuɗin rotabetar kanta.

Ɗaurin farko ba wuya. Na ja baya a hankali a kan siminti mai lebur, na fara sa fin ɗin hannun hagu saboda shi baya da daidaitawa, sannan na dama da ake iya murɗawa ya hau ko ya sauka, hannun sama a ƙarshe. Na ɗaure sarƙoƙin hana lilo har ya rage wasa kaɗan, yadda rotabetar ba za ta bugi taya ba in na yi kwana. Na murɗa hannun sama har shaf ɗin giyabos ya kwanta lebur.

Shaf ɗin PTO kuwa ban sa ba tukuna. Kamfani dogo yake turo shi da gangan tunda bai san taraktar da za ka ɗaura wa ba, kai ne za ka yanke daidai da taka. Bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya, yana miƙewa yana tsukewa yayin da kake ɗagawa da saukewa. In ya yi tsawo, ka ja liba haidirolik ya ɗaga, bututun ya kai ƙarshe ba inda zai ƙara shiga, to duk ƙarfin haidirolik ɗin nan sai ya tura shaf ɗin tarakta ciki, ya fasa boris ko ma kaskon baya gaba ɗaya, kuma ba wani ƙara da za ka ji kafin ya faru. In kuma ya yi gajarta, ka sauke a gangare ya zare yana juyawa ya dinga dukan duk abinda ke kusa.

Ga yadda muka yi ni da ƙanina. Inji a kashe muke awo, makulli a aljihuna, sai in za a motsa haidirolik in tayar in kuma kashe. Mun ɗaga mun sauke a matakai muna auna tsakanin tsagin shaf ɗin tarakta da tsagin na giyabos, wato inda fin ɗin da ke kulle kowane kan shaf ɗin yake faɗawa. Wuri mafi kusa shine lokacin da shaf biyun suke saiti ɗaya suna kallon juna, mun samu santimita 71. Wuri mafi nisa 82. Shaf ɗin da aka turo, in an tsuke shi ƙarshe, 80 ne daga makulli zuwa makulli. Kenan ya wuce da 9, na ƙara 3 na sarari, za a cire 12.

Nan ƙanina ya ce Yaya ai sai mu cire 6 a wannan 6 a wancan. Na ce masa duba da kyau, bututun ciki yana tokarar gindin wancan kai, na waje ma yana tokarar gindin wannan, in ka cire 6-6 tsawon 6 kawai ya ragu. Sai an cire 12 a na ciki, 12 a na waje, 12 a kowace rigar robar da ke rufe bututun. Ya ɗauki biyun ya jera su gefe da gefe a ƙasa ya kalla, ya ce haka ne.

Mun zare biyun, mun sa kowanne a nasa wurin, ɗaya a tarakta ɗaya a rotabeta, mun riƙe su kafaɗa da kafaɗa mun sake tabbatarwa da ido kafin zarto ya taɓa komai. Na fara yanke robar, na ɗauki guntun da ya fita na yi ma'auni da shi a kan ƙarfen na ja layi. Na ɗaure a bais da tsumma dan kar bututun ya lotse, na yanka da zarton ƙarfe a miƙe. Bayan nan magagari, ciki da waje, har sai da na shafa yatsa ban ji kaifi ba, na goge garin ƙarfen tas dan in ya haɗu da giris shi zai dinga cin bututun. Giris, sannan na mayar. Bututun nawa mai kusurwa uku ne da gefe ɗaya daban, hanya ɗaya kawai yake shiga, kar a tilasta shi da guduma, an yi haka ne dan kawunan biyu su zauna a saiti ɗaya.

Da muka gama bututun ya rage 40, a wuri mafi nisa kuma 26 na cikin juna. Ƙa'idar ita ce kar ya gaza santimita 15 ko kashi ɗaya cikin uku na tsawon, mun wuce nan. Kan da ke da kuloci yana ɓangaren rotabeta. Na tura ɗayan a tarakta har na ji ƙas, na ja baya da ƙarfi bai fito ba. Na maƙala 'yan sarƙoƙin rigar roba dan kar ta bi shaf ɗin juyawa.

Rigar nan dan Allah kar kowa ya cire ta wai tana hana shi buga giris. Juyi 540 a minti juyi 9 ne a daƙiƙa ɗaya, in ya kama bakin riga ko hannun riga babu wanda ke da saurin da zai ƙwace. Ni ko kusa da shi ban yarda kowa ya tsaya ba in inji na aiki.

Lahadi, 30 ga Maris

Kuloci. Faifan da ke ciki sukan manne in sun daɗe a ajiye, kuma kulocin da ya manne daidai yake da babu. Na auna tsawon kowane sifirin na rubuta, na ja layi da alli ya ratsa faifan daga waje, na sassauta notocin duka, na sauke wuƙaƙe a ƙasa na sa PTO a ƙaramin totur na 'yan daƙiƙu na kashe. Layin allin ya rabu, ya zame kenan. Na mayar da kowane noti tsawon da yake, ina tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa yadda ake ɗaure taya. Duk farkon shekara sai an maimaita wannan.

Na kuma sa matsayar libar haidirolik yadda wuƙaƙe ba za su wuce kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa ba, dan in an ɗaga can sama PTO na juyawa gaɓoɓin shaf na lanƙwasa da yawa, za ka ji suna ƙwanƙwasa kuma haka suke mutuwa. Da na ɗaga na zagaya fili sai naji sitiyari ya yi sakayau, gaban ya yi sauƙi. Na rataya ƙarafan nauyi a gaba, ana so aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin ya zauna a tayoyin gaba. Yanzu tana jin sitiyari.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na gwada a bakin gona, ƙasa a bushe ƙamas. Sai tsalle take tana tura taraktar gaba, ƙura ta turnuƙe, zurfin bai kai yatsa ba. Na tsaya. Cin wuƙa ne kawai da wahalar da inji, a jira ruwa.

Talata, 22 ga Afrilu

Alhamdulillahi an samu ruwa, na bari ƙasa ta tsane tukuna. Gwajina shine in ɗebo daga zurfin da zan yi aiki in dunƙule a hannu in danna da babban yatsa. In ta wargaje to lokaci ya yi, in ta lotsa ta tsaya a dunƙule tana sheƙi akwai saura. Yau ta wargaje.

Zagayen farko na saita takalman gefe a santimita 7, murfin baya a ɗan ɗage, giya ta ɗaya a ƙaramin zango, totur a kan alamar 540 da ke jikin agogo. Ina sa PTO wuƙaƙe na sama kaɗan, sai taraktar ta fara tafiya nake saukewa a hankali, a ƙarshen layi in ɗaga kafin kwana. Kwana da wuƙa a ƙasa lanƙwasa su yake, ja da baya ma haka.

Wallahi abin da daɗin kallo. Na sauka na duba bayan layin farko, ciyawar ta shige, ƙasar ta tashi ta yi laushi, sawun taya ya ɓace gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe. Sai dai ɓangaren dama ya fi na hagu zurfi kaɗan, na murɗa hannun dama ya daidaita.

Na zauna na yi lissafin sara dan in san me nake yi. Sandar wuƙaƙen na juyi wajen 200 a minti, wuƙa 3 ke bin layi ɗaya, sara 600 kenan. In ina tafiyar kilomita 2 a awa, mita 33 ne a minti, kowace sara na yankar kamar santimita 5 da rabi. In na ninka gudun sai yankan ya koma 11, ƙasa ta fito da gunduma kuma inji ya fara nishi. Kenan laushin ƙasa na hannun giya da murfin baya, ka sauke murfi ka rage gudu ta niƙu, ka ɗaga murfi ta fito da ɗan gari-gari. Totur kuma a bar shi a 540. Zagaye na biyu na gicciya na farko a santimita 13, inji bai ko canza murya ba sai a wajen lakar.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kuloci ya biya kuɗinsa. Wuƙa ta daki kututturen da ke binne, naji tarrr, sandar ta tsaya shaf na juyawa, na cire PTO nan take. Ba abinda ya karye, wuƙa ɗaya ce ta ɗan karce. In ya zame kar a bar shi yana ta zamewa, zafi yake ya ƙone faifan. Na haƙe kututturen na ci gaba.

Da yamma ina wankewa na tarar da tsohuwar waya da igiyar leda sun naɗe a ƙarshen sandar dab da boris. Wannan shi ke yanke sil mai ya fara zuba ƙasa ta shiga. Na kashe inji, na tokare rotabetar da katako dan ba a shiga ƙarƙashin abinda haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, na yanke su da filaya. Yanzu duk tashi daga aiki sai na leƙa ƙarshen nan biyu. Notocin wuƙaƙe ma na sake bi, wasu sun karɓi ɗauri.

Asabar, 10 ga Mayu

Littafi ya ce a canza man giya bayan awa 50 na farko, an kai, na juye yau da ɗuminsa. Ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe kaɗan a jikin murfin ƙasa, na sabon giya ne, ba guntaye. Na zuba sabo.

Abu biyu nake sa wa ido yanzu. Akwai kusurwar da kiri-kiri da aya-aya suka kama, can ban shiga da rotabeta ba kuma bazan shiga ba sai an fitar da su, dan irin ciyawar nan ta saiwa take yaɗuwa, wuƙa na daddatsa ta ne kowane guntu ya tsiro, ka shiga da ɗaya ka fito da ɗari. Na biyu, na soka rodi a inda na yi zagaye biyu, ya shige salin-alin har santimita 13 sannan ya ci karo da tauri. Bai yi muni ba, amma in aka shekara ana yanka a zurfi ɗaya wuƙar L na shafe ƙasan ya zama dandaɓe, ruwa ya kwanta saiwa ta kasa ratsawa. Dan haka zan dinga canza zurfin, bazan wuce zagaye biyu ba, kuma kar in niƙa ta ta koma gari dan ruwan sama mai ƙarfi ɗaya zai mayar da samanta ɓawo. Bayan girbi zan nemi garma mai haƙori ɗaya dogo in fasa ƙasan.

Na yi odar wuƙaƙe 6 na ajiya, 3 dama 3 hagu da notocinsu, da faifan kuloci guda biyu. Filin gabas ya rage, ƙasarsa bata tsane ba tukuna, in sha Allahu sai tsakiyar mako.